Rasuwar Gwaggo, A-Kori-Kurar Ɗantala

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka koma koyon tafiyar ƙasa da tsufa, Malam Ɗantala Direba na Tudun Kaya yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na ƙasar Karaye da Rogo rasuwar motarsa, a-kori-kura ƙirar Datsun 620, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a gefen wata gonar dawa, tana hanyar dawowa daga Fulatan da buhunan gyaɗa. Ta bar duniya tana da shekara arba'in da shida, talatin da uku daga ciki a hannunsa. Har yanzu gawar tana can inda ta faɗi, kuma abin da ya hana Malam Ɗantala cin tuwo ke nan.

Marigayiyar 'yar babban gida ce. An haife ta a ƙasar Japan a 1978. Yayarta 521 ta riga ta gidan gaskiya tun tuni. Ƙanwarta 720 ta zo da faɗin kafaɗa da jiki mai kusurwa, daga baya ma ta ajiye sunan gidansu ta koma amsa Nissan, abin da Malam Ɗantala bai taɓa yafe mata ba. A cikin sa'o'in Gwaggo akwai masu gajeren baya, akwai masu dogon baya, akwai masu kujeru gaba da baya na ɗaukar ma'aikata. Ita mai dogon baya ce, da idanu huɗu zagayayyu, da giya a jikin sitiyari, da 'yar lanƙwasa a ƙugu wadda ko a nesa aka hango ta an san ita ce.

Wannan dogon bayan shi ya zame mata wahala, shi ya zame mata daraja. A duk yankin, a bayanta kaɗai ake iya kwantar da babban mutum a miƙe a rufe ƙofar baya, ba tare da ƙafarsa ta leƙo waje ba. Saboda haka duk wanda kwanansa ya ƙare a asibiti, ita ake aika wa ta kawo shi gida. Malam Ɗantala yakan sauke kayan da ya yi lodi, ya wanke bayan tas, ya shimfiɗa tabarma, ya tafi. Bai taɓa karɓar ko na mai ba a kan wannan aiki, kuma bai taɓa cewa ya gaji ba, ko da yake ya gaji. Ta kawo mijin Iya Hajo. Ta kawo limamin unguwa. Ta kawo mahaifiyar Malam Ɗantala da kansa, yana tuƙi yana share ido da hannun riga, ita kuma ranar ko tari ba ta yi ba.

Za a daɗe ana tuna muryarta. Da safe takan ce kyar-kyar-kyar, ta yi shiru kamar mai shawara, sannan ta ce gurum! A hawa takan yi uuu-uuu, irin nishin tsohuwa mai tashi daga tabarma. Hon ɗinta ya dishe tun shekaru, sai dai ya ce fiiit, amma awakin hanya sun san shi, suna ba ta wuri don girmamawa.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga yoyon lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, shekara goma sha tara da suka wuce. Iyalan suna so a sani cewa waɗanda suka ƙera ta ba su da laifi ko kaɗan. Wani direba ne ya koya wa Malam Ɗantala cewa cokali biyu na garin kuka yana toshe yoyo, ya gwada, ya ga ya toshe. Tun daga ranar, duk sanda ta ɗiga sai ya shiga madafin matarsa Saude ya ɗebo. Saude ta ce ta gaji da ciyar da mutum biyu miya ɗaya. Shitu bakanike ya yi gargaɗi har ya daina, ya ce ranar da za a buɗe cikin motar nan tuwo kawai za a nema. Allurar da ke nuna zafin inji kuwa ta mutu tun kafin a aurar da 'yarsa ta fari, don haka da hanci Malam Ɗantala yake aunawa: in ya ji ƙamshin miya ya fara tashi, sai ya tsaya a inuwa ta huce.

Ranar Talata mura ta toshe masa hanci.

Bai ji komai ba har sai da ta ce ƙas, ta yi wata irin ajiyar zuciya, fussss, farin tururi ya rufe gilashi. Shitu ya zo ya duba, ya cire hula ya mayar, ya ce injin ya tsage. Shitun ya je har Kano neman injin sa'arta, ya yi kwana biyu yana zagaye, ya dawo da labarin cewa na ƙannenta ne kawai a kasuwa, kuma zamansu a cikinta sai an yanke mata haƙarƙari. Malam Ɗantala ya ce a bar ta, ta sha yanka a duniya ya isa. Laifin yana ci masa rai, kuma ya ce a rubuta shi a nan yadda yake: shi ya shayar da ita abin da ya kashe ta.

Ta rasu ta bar ƙofar dama, wadda asalinta ta wata 720 ce aka lanƙwasa da guduma, shi ya sa sai da igiya take rufuwa. Ta bar tayoyi huɗu da babu biyun da suka haɗa uwa, da jak, da galan ɗin ruwa, da rabin gwangwanin kuka a ƙarƙashin kujera. Ta bar Malam Ɗantala, mai shekara sittin da bakwai, wanda yanzu in ya fito ƙofar gida da safe bai san inda zai sa hannunsa ba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Mai gonar yana son wurinsa, don zai shigo da amalanke ya kwashe dawa. Zaharaddini, babban ɗan Malam Ɗantala, ya riga ya yi magana da Mu'az mai sayen tsohon ƙarfe, wanda zai zo ranar Lahadi da wutar yanka ya daddatsa ta a nan bakin hanya. Zaharaddini ba mugu ba ne, ya gaji ne da ganin ubansa yana zuwa zaman makoki a gonar mutane. Malam Ɗantala bai yi musu ba. Abu ɗaya ya roƙa, a ba shi Asabar. Ya ce wadda ta kai kowa gida ba za a yanka ta a daji ba, ta zo ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa ta kwana ɗaya, sannan Mu'az ya yi abin da zai yi.

Don haka ana roƙon duk gidan da Gwaggo ta taɓa kawo musu nasu, su turo mutum ɗaya ranar Asabar bayan sallar asuba. Mai igiya ya zo da igiya, mai shanun huɗa ya taimaka da su. Tafiyar awa biyu ce a ƙafa, da hawa ɗaya. Jiya Malam Ɗantala ya gwada tura ta shi kaɗai, ya matsar da ita taku huɗu, ya zauna a ƙasa. Iya Hajo ta aiko cewa ba ta da ƙarfin turi, amma za ta bi a baya da sandarta.

Malam Ɗantala ya ce a gaya wa jama'a kada su ji tsoron nauyi. Ya sauke gyaɗar, ya wanke bayan tas, ya shimfiɗa tabarma yadda ya saba. Wannan ne karon farko da za ta shiga Tudun Kaya da tabarma a shimfiɗe ba ta ɗauko kowa ba.