Ranar da Na Yi Shelar Ɗan Farina a Layin Allura

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da ƙyanda ta shigo Zangon Sokode ba. Ina goyon ɗan fari a lokacin, maƙwabta kuma sun fara binne yara. Kullum hannuna na jikin yaron, ina laluben ƙuraje.

Sai aka yi shela masu allurar rigakafi sun sauka a bakin kasuwa. Maganin ba yawa, la'asar na yi mota za ta wuce Dapaong da rabon mutanen can. Don kada masu dangi da yawa su kwashe, aka ce kowace mace ɗan cikinta kawai za ta kawo, aka sa soja tsaron layi.

Ni kuwa a Zango kaf babu wadda ta kai ni kunyar ɗan fari (ku tambaya, har yau ana faɗi). Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa nuna nawa ne a gaban surukai ba. Ran nan dole ta sa na goya shi, Inna uwar mijina na biye da ni.

Tun hantsi muke tsaye, ina leƙen akwatin maganin yana ta raguwa. Da muka iso, malamin asibiti, wani Bakotokoli ɗan ƙabilar garin, ya tambaye ni ko ɗana ne. Na waiga, ga Inna a bayana. Bakina da kansa ya ce, "Na gidanmu ne dai."

Ya ce to in koma gefe, uwarsa ta kawo shi. Soja ya nuna mini hanya. Inna ta yi ta rantsuwa ba a saurare ta ba, wai tsofaffi sun ishe su da irin rantsuwar tun safe. Can na hango direba yana zuba wa mota ruwa.

Ban san lokacin da na kwance goyon na ɗaga shi sama ba. Na kira sunansa na yanka da ƙarfi (ba zan maimaita muku ba), na ce, "Ni na haife shi, ga nono ma ku gani." Wallahi har na kama bakin riga, Inna ta damƙe hannuna.

"Rufe, 'yar nan, sun yarda," in ji ta.

Layi ya kaure da dariya, sojan ma ya juya baya kafaɗarsa na rawa. Aka yi wa yaron allura, ƙyanda ta wuce ba ta taɓa shi ba. Ni kuwa har na yaye shi matan Zango "Ku-Gani" suke kirana.

Kunya abin ado ce, ban ce ba. Amma in za ki wurin da ake rabon magani, ki bar ta a gida ta jira ki.