Mushe Alkasum Mai Shiƙar Murya

Duk Damagaram, daga Birni har Zango, ba a taɓa haifar mai kunne irin Mushe Alkasum ba (Mushe, wato "malam" a bakin Faransa). Shi da kansa ya faɗa, wa zai musa? Ya yi 'yan makonni a Yamai yana koyon riƙe rikoda, ya dawo da baƙin tabarau da sabuwar tafiya, ya naɗa kansa Sarkin Kunne.

"Ni," in ji shi, "a zuba mini kasuwa guda cikin kaset, in fid da tarin mai goro daban, rantsuwar mahauci daban. Ilimi ne, ba na talaka ba."

Shekarar da fari ya ƙone gero tun bai kai gwiwa ba, Kumandan mai mulkin yankin ya samu kamyo, wato babbar mota, guda na dawar agaji, masu bukata kuwa ba iyaka. Sai ya aiki Mushe wani ƙauye bayan Takieta, can yamma, ya ɗauko bakin mutane a kaset a ji ko sun cancanta.

Dattijon ƙauyen, Nomau, ya zo riƙe da jakinsa, dabbar da ta rage a garin. Aka gaisa. Ina gajiya? Babu gajiya. Ina gida? Lafiya lau. Iyali fa? Alhamdulillahi. Jaki ya yi tsit, ya san ladabi. Amma da Nomau ya shiga faɗin gaskiya, rumbu wayam, rijiya ta ƙafe, yara sun koma cin hanza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci, sai jakin ya ɓarke da kuka, don shi ma abin ya shafe shi.

"Ranka ya daɗe," in ji Nomau, "in ɗaure shi nesa mu sake?"

"Tsoho, ka san gona, na san murya. Zan shiƙe shi kamar ƙaiƙayi."

To, ashe duk ilimin Sarkin Kunne reza ce. Ya koma biro, ofishinsu, ya zaro zaren kaset, duk inda jaki ya buɗe baki ya datse ya yar, ya liƙe sauran. Bai taɓa zuwa masa a rai ba cewa jaki da Nomau a kan zare ɗaya suke. Garin neman gira aka rasa ido.

Ya kunna wa Kumandan yana hura hanci. Da farko doguwar huɗubar Mushe kan darajar Mushe, wannan ko ɗigo bai taɓa ba. Sannan muryar Nomau, fes, ba ƙura: "Babu gajiya. Lafiya lau. Alhamdulillahi." Kaset ya ƙare.

"Madalla," in ji Kumandan, "waɗannan a ƙoshe suke. Kamyo ya nufi gabas."

Mushe ya rusuna, ya yi tambaya a hankali ko ana ba da lambar yabo.

Labari ya kai ƙauye. Ran Nomau ya ɓaci ƙwarai. Ya ja jakinsa a ƙasa har Damagaram, ya tsaya gindin tagar biro ana cikin ɗaure buhuna. Jakin ne ya yi jawabi, sau ɗaya tak. Kumandan ya leƙo, ya ga haƙarƙarin jaki, ya ga na mai shi, ya ce a juya kamyo yamma.

Sannan ya sa Mushe ya durƙusa ya tsince guntayen da ya yar, ya maida kukan jaki mazauninsa a kaset. Da aka sake kunnawa, kowa a biro ya yarda jawabin malamai biyu ne a kaset ɗin, amma mai dogon kunnen ya fi Sarkin Kunne iya bayani.