Ranar da Na Wanke Bangon Surukina

Surukina ya daina shan taba, amma hayaƙi ya riga ya rine bangon ɗakinsa. Ranar Juma'a da ya tafi kasuwar Wudil, na ce yau zan burge shi. Ni da na tashi a gidan siminti, ina na san ginin ƙasa ne aka shafe da fari? Na kwara ruwan omo bokiti biyu, na hau dirza. Sai ga yaɓe yana zubowa a ƙafata. Ina cikin liƙa laka, sai na ji sallamarsa.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sannu, 'yar nan. Hayaƙin ya fita, bangon ma ya bi shi."

Har yau in na ɗauki bokiti, sai ƙannen mijina su ce, "A dafe gini, Ambaliya ta taso!"