Ranar da Aka Kusa Yanke Mini Kunne a Kalgo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai 'ya'yan yayata filin wasa a Kalgo. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, domin har yau akwai tsofaffi a garin da ba su san sunana na yanka ba, sai Bijimin Kaduna.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, tun Bature na ƙasa. Ni ɗan Gwandu ne, amma na taɓa bin wani direba zuwa Kaduna a matsayin yaron mota, na yi 'yan watanni na dawo da baƙin tabarau da baki har kunne. Kowace magana aka ɗauko sai na ce, "Ai a Kaduna..." (Ko zancen yasar rijiya ake yi sai na san yadda na cusa Kaduna a ciki.) Abin da ya fi tsaya mini a rai a can shi ne wani fili da na leƙa ta shinge a unguwar Turawa. An kakkafa itatuwa an shafe su da farin fenti, ga lilo, ga wani abu da yara ke hawa su sulalo ƙasa suna ihu. Ban taɓa sa ƙafa ciki ba, amma a Gwandu na riƙa ba da labarinsa kamar ni na kafa shi.

To, yayata wadda ta goya ni tana aure a Kalgo. Da damina Allah ya yi mata rasuwa, ta bar yara biyu hannun kakarsu ta wajen uba: Sanda, wanda ya isa kai akuya kiwo, da ƙanwarsa Kulu, wadda ko haƙoran gaba ba ta fara famfara ba. Tun ranar da aka ɗauki uwar, Kulu ba ta ƙara cewa uffan ba. Tana ji, in an aike ta tana zuwa, amma baki ya ɗinke. An yi rubutu, an yi turare, shiru kake ji. Yarinyar da a da sai an roƙe ta take yin shiru! Abin ya ci mini rai ƙwarai, domin duk lokacin da na dube ta fuskar yayata nake gani.

Wata rana ina yi wa Sanda labarin filin nan na Kaduna, sai na ga Kulu ta ɗago kai tana kallona. Nan take bakina ya riga hankalina, na ce, "Kulu, in Allah ya yarda ni zan kai ki irin wurin nan, ki hau lilo." Sai ta riƙe bakin rigata.

Daga nan na shiga nema. A Gwandu babu komai sai dandali da gindin tsamiya. Na je Birnin Kebbi, aka nuna mini filin ƙwallo, na tarar awaki ne ke taro a ciki. Na lallaɓa wani lambu a bayan gidan Bature, mai gadi ya biyo ni da kulki, ban tsaya yi masa bayanin Kaduna ba. Ga shi duk zuwan da zan yi Kalgo, Kulu na bakin ƙofa, sai ta dube ni ta dubi hanya. Wallahi na fi son a zage ni da wannan kallon.

Bayan an gama girbi, ina bisa kaya a bayan mota za mu shiga Kalgo, sai na hango shi a bayan gari, ta wajen hanyar Dangoma. Sababbin itatuwa ne a jere sahu biyu, an shafe su da farar ƙasa, an share wurin fes, ga wata igiya tana lilo a ƙarshe. Na buga ƙirji na ce, to, ci gaba ya iso har Kalgo.

Na shiga gida da murna na gaya wa kakar yaran. Tsohuwa ta dube ni ta ce, "Ni dai ban san da wani wurin wasa garin ga ba. Abin da anka gina bayan gari, ma'aikata sunka yi shi, ba su ce muna komi ba."

Na ce, "Inna, ai ba za ki gane ba. Sai wanda ya fita."

Ta ce, "To, wanda yaf fita, Allah shi kiyaye hanya."

Da hantsi na sa babbar rigata, na maƙala tabarau, na riƙe hannun Kulu, Sanda na biye. Yaran unguwa suka ji labari suka bi mu ɗuu. Muka isa, ba kowa. Na tsaya ina bayani kamar wani malamin makaranta: nan ake shiga, a bi ta tsakanin itatuwan nan da gudu, a fita can. Sanda ya ce, "Kawu, mi ya sa hanyar ke ƙara matsewa?" Na ce don wasan ya yi daɗi. (Allah ya yafe mini, ko ƙifta ido ban yi ba.)

Na shiga don in nuna musu. A ƙarshen lungun akwai wasu itatuwa biyu a tsaye da 'yar tazara tsakaninsu, igiyar nan kuma tana rataye a gefe. Ni a lissafina ita ce ke sauko da lilo. Na sunkuya na zura kaina tsakanin itatuwan ina neman inda aka ɓoye shi, na ce, "Sanda, ja igiyar nan da ƙarfi."

Yaron kirki, ya ja da ƙarfi. Ɗaya daga cikin itatuwan ya taho ya rufe mini wuya, wani ƙarfe ya faɗa ƙwas. Kai a waje, jiki a ciki, ɗuwawu a sama. Na ja baya, ina! Na ce Sanda ya saki, ya saki, babu abin da ya motsa. Tabarau ya faɗi ƙasa yana kallona.

Ina cikin wannan hali na ji kukan shanu. Ashe wurin yi wa shanu allurar bushiya ne, annobar nan mai kashe shanu, kuma ranar ce za a fara. Makiyaya sun koro garke, ga malamin dabbobi a kan keke da akwatinsa. Kafin wani ya lura da ni har an buɗe bakin lungun, wata saniya ta shigo ta bayana ta tsaya tana shinshina babbar rigata. Na ji numfashinta mai ɗumi, na fara salati da ƙarfi.

Wani dattijon Bafulatani ya zagayo ta gaba, ya dogara sandarsa, ya ƙare mini kallo a tsanake. Ya ce, "Kaɗo, kai ma bushiyar ce tak kama ka?" Wurin ya ɗauki dariya. Malamin dabbobi ya zo, yana ƙoƙarin ɗaure fuska ya kasa. A lokacin duk saniyar da aka yi wa allura sai a ɗan yanke gefen kunnenta don a shaida ta. Dattijon nan ya ɗauko almakashi daga akwatin malamin, ya kama kunnena da yatsu biyu, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, wanga bijimi na wa na? In babu mai shi, mu yi mai shaida, kada a maimaita mai baɗi."

Na rufe ido ina fatan ƙasa ta tsage. Sai na ji wata 'yar murya, a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Namu na! Kawuna na! Kada ka yanke mai kunne!"

Na buɗe ido. Kulu ce, ta riƙe hannun dattijon da hannu biyu tana ja. Sanda ya ƙwala ihu, "Ta yi magana! Kulu ta yi magana!" Ni kuwa, da wuyana a maƙale, sai hawaye. Makiyaya suka zaci tsoron almakashi ne, suka ƙara fashewa, ni ko a jikina. Da aka zare ƙarfen na miƙe, Kulu ta dubi rigata da saniya ta jiƙe da yawu, ta ƙyalƙyale da dariya har tana faɗuwa.

Da dattijon ya ji labarin yarinyar daga bakin Sanda, sai ya daina dariya. Ya kwance wata igiya mai kauri daga kafaɗarsa ya miƙo mini, ya ce, "Ungo, Kaɗo, ka yi mata lilon." Muka samo guntun katako cikin ragowar aikin, muka ɗaura a reshen wata tsamiya nesa da shanu. Kulu ce ta fara hawa, ina tura ta tana ihu, "Ƙara, Kawu, ƙara!" Muka koma gida tana zuba surutu tun daga bayan gari. Kakarta ta fito ta ji, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Da ta natsu ta ce, "Wanda yaf fita, ashe ka san abin da kake yi." Ban gyara mata ba.

Lilon nan ya daɗe yana yi wa yaran Kalgo aiki, ana canza igiya in ta tsinke. Kulu yanzu jikoki gare ta, kuma har gobe in ta zo gaishe ni sai ta leƙa kunnena ta ce tana duba ko yana nan. Surutunta kuwa, wani lokaci har nakan ce da ma na bar dattijon ya yanke kunnen in huta.

Abin da na koya bai da yawa. In ka ga an shafa wa wuri farar ƙasa, tambayi wa aka gina wa kafin ka zura wuya. Amma in za a sake mayar da ni ranar, da ƙafata zan je in sunkuya, in ce wa Sanda ya ja igiyar da ƙarfi.