Ranar da Yajina Ya Raka Ni Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da kuwa tsufa ya kai ni in riƙa neman hulata alhali tana bisa kaina. A shekarar da sojoji suka koma bariki ne, lokacin da kowa a Agege ya zama ɗan siyasa, har mai shayin layinmu ba ya miƙo maka kofi sai ya yi maka jawabi. Ni kuwa jam'iyyata ɗaya ce: barkono. Shi nake sayarwa a bakin titin jirgi, busasshe, daga manyan nan masu ƙamshi har zuwa tsiduhu, ɗan mitsitsin nan da in ka kalle shi da kyau ma sai ka yi atishawa.

Kuma ba sayarwa kawai nake yi ba, wa'azinsa nake yi. Mura? Barkono. Ba ka iya cin abinci? Barkono. Sanyin damina ya shige ka? Barbaɗa shi a romo ka ga gumi. Wata ma'aikaciyar asibiti daga Idi-Araba da ke saye a wurina ta taɓa ce mini jan nan nasa yana ɗauke da abin da ke gyara ido. Shi ke nan ta ba ni makami. Daga ranar duk wanda ya zo da tabarau sai na ce masa ya kusa jefar da shi.

To, ina neman auren wata yarinya, Ramatu, haifaffiyar Agege. Mahaifinta Alhaji Mamman tsohon mahauci ne, mutumin da ake cewa rabon da a ga haƙoransa tun zamanin sulai. Mahaifiyarta kuwa Bayarabiya ce, kowa Iya yake ce mata, tana sayar da abinci. Ramatu ta ja mini kunne: “Baba ya ji labarin kai mai barkwanci ne. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba shi da natsuwa ba. Ranar Asabar zai gan ka. Don Allah ka zauna kamar mutum.”

Na ce ko gunki ne sai ya zo ya koyi zama a wurina.

Na yanke shawarar in kai wa Iya tsarabar da za ta gane sana'ata: yaji na musamman. Ban kai inji ba, don masu inji sai su haɗa maka da ragowar niƙan wani. Na zauna na cire hancin tsiduhu ɗaya bayan ɗaya, na ɗan gasa shi sama-sama don ƙamshi ya tashi, na daka da citta da kanumfari da ƙuli-ƙuli, sannan na murje shi a rariya da hannuwana. Duka biyun (ku riƙe wannan, za ku buƙace shi nan gaba).

Maƙwabciyata Maman Ladi, mutuniyar Kafancan, ta leƙo tana tari ta ce, “Oga, ruwa ba ya fitar da wannan abu fa. Shafa manja tukuna, sai ka bi da sabulu.”

Na ce, “Haba Maman Ladi! Ni da aka yanke wa cibiya a gonar barkono? Ai mun san juna.” Na ɗauraye da ruwa, na zura farar shaddata, na haye okada.

Da farko komai ya tafi daidai. Na durƙusa na gaida Alhaji da abokansa dattawa uku a zaure, aka shiga da yajin cikin gida. Alhaji ya tambaye ni sana'ata. Na yi niyyar in amsa da kalma biyar, amma bakina ya ƙwace. Sai da na kai su har kan gyaran ido kafin na tuna da gunki na yi shiru.

Sai aka kira la'asar. Na ɗauki buta na zaga bayan gida.

Jama'a, ni Musulmi ne, na yi tsarki yadda aka koya mini. Na fito na yi alwala, na wanke fuska sau uku, da kyau, don dattawa suna kallo. Ban kai ga wanke ƙafa ba na ji kamar an buɗe murhu biyu a jikina, ɗaya a sama, ɗaya a wurin da ba a faɗa. Idanuna suka rufe. Na ƙasan kuwa (Allah ya raba ku da sani) ji na yi kamar na zauna a kan tukubar tsire ana fifita.

Zuciyata ta ce, gudu. Na ce mata, wallahi ba inda za ni. Ramatu tana bayan bangon nan, in na gudu yau na gudu ke nan.

Na shiga sahu. Hawaye suka ɓalle kamar an fasa bututun ruwa, har gaban shaddata ya jiƙe. Da aka sallame, dattijon da ke gefena ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya ce a hankali, “Alhaji, yaron nan akwai tsoron Allah. Tun raka'ar farko yake kuka.”

Nan ne fa laifina na gaskiya. Maimakon in faɗi abin da ke ciki, sai na sunkuyar da kai na ja hanci, wai ni salihi. Na ce a raina, in barkono zai ba ni mata ta wannan hanya, ni wane ne da zan yi masa gardama?

Muka koma zaure. Zama ya gagara. In na karkata dama, hagu ta kama. In na koma hagu, dama ta ce saura ni. Na cije, na dafe gwiwa, ina amsa tambayoyin Alhaji da “Haka ne, Baba,” har da tambayar sunan garinmu. Na yi kusan awa guda a haka, ko da yake a lissafina mulkin soja bai kai shi tsawo ba.

Sai muka ji atishawa daga cikin gida, guda bakwai a jere. Iya ta buɗe yajin. Can sai ga ta a bakin labule. Ta dubi jajayen hannuwana, ta dubi idanuna, ta dubi yadda na zauna a kan rabin jiki, ta dubi butar da na ajiye. Mace ce da ta yi shekara talatin tana niƙa barkono, ba ta buƙatar shaida. Ta koma, ta dawo da kofi da ɗan faranti, ta dire a gabana, ta ce da muryar nan tata da ake ji har tashar motocin danfo:

“Pele o, sannu ɗana! Madara ta ido ce. Manja kuma... kai ka san wurin.”

Dattijon da ya yabe ni ya ce, “Au! Ashe ba tsoron Allah ba ne?”

Alhaji ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Malam, haka yake gyara idon?”

Ranar mutanen Agege suka ga haƙoran Alhaji Mamman, har na can ciki. Ya yi dariya sai da carbinsa ya faɗi. Ni kuwa na ɗauki farantin manja da hannu biyu, na ratsa ta gaban dattawa huɗu da surukata, ina tafiya kamar wanda ya sauko daga kan raƙumi, kowa ya san inda za ni da abin da zan je yi.

Da na dawo ina shirin yin sallama ta har abada, Alhaji ya goge ido ya ce, “Zauna, in za ka iya. An ce mini ba ka da natsuwa. Mutumin da ya yi awa guda a kan wannan wuta bai tashi ba saboda 'yata, zai iya zama da ita, don halin uwarta gare ta. Ka turo manyanka. Amma kukan nan da ka karɓi yabonsa, ka je ka nemi gafara.”

Yau 'ya'yanmu shida. Har gobe ina wa'azin barkono, don yana kashe mura, yana buɗe ciki, yana tayar da miyar da ta mutu. Maganar ido ce kawai na cire daga hudubar. Iya kuwa duk Sallah sai ta aiko mini da kwalbar manja, ba ta taɓa cewa ta mece ce ba.

Abin da na koya kaɗan ne: in mace mai girki ta ce ka shafa manja, ka shafa tun abin yana hannu.