Kwana Huɗu a Benci Ina Jiran Sabon Furosesa

Ranar Litinin na je karɓo wa 'yata takardar haihuwa, na dawo gida da ilimin kwamfuta. Takardar dai ban samu ba.

Auta ce, 'yata ta ƙarshe, take son zana jarrabawar shiga makarantar koyon jinya. Ranar Juma'a ake rufe rajista, kuma sun daina karɓar tsohuwar takarda mai rubutun biro, sai wadda kwamfuta ta buga. Wanda ya rasa bana sai baɗi. Shekara guda yarinyar nan tana karatu, har barci take yi da littafi a fuska. Ni tela ne. Na bar ɗinkin mutane a kan keke, na rufe shago, na tafi da tef ɗin awo rataye a wuya, don mantawa nake yi da shi.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, benci biyu, da akawu guda a bayan kwamfuta guda. Takan yi aiki minti goma, ta yi wani dogon nishi, ta mutu. Sai a jira ta farfaɗo. Mutum biyu ake sallama tsakanin mutuwa da mutuwa, ni kuwa lambata tamanin da ɗaya.

Na ce, "Malam akawu, ba a gyara ta ne?"

"Baba, ai ba lalacewa ta yi ba. Furosesanta ne ya tsufa."

"Wane ne shi?"

"Ƙwaƙwalwarta ke nan, ɗan abu ne, bai kai tafin hannu ba. Tun bara waccan aka amince a sayo sababbin kwamfutoci. To sai Yallaɓai, shugaban ma'aikatarmu, ya ji labarin akwai sabon furosesa da zai fito, ya ce bai dace a kashe dukiyar jama'a a kan abin da zai zama tsohon yayi ba. An dai kafa kwamiti."

"Na saye?"

"Na jira."

A nan ya zama dole in jinjina wa Mai Girma Shugaban Kwamitin Jira, Allah ya ƙara masa haƙuri da mu. Ba kowane shugaba ne yake da wannan tattali ba. An ce sau biyu yana jagorantar tawaga zuwa ƙasar waje don su gani da idonsu ko abin ya fito, kuma duka biyun sun dawo da tabbacin bai fito ba. Saboda yawan zama, har motoci aka saya wa 'yan kwamitin, kada su makara wajen jira.

Zuwa Talata kowa a bencin ya zama masani. Wata mata mai goyo ta ce ta ji sabon yana da kawuna goma sha shida, kowane kai yana aikinsa daban. Wani tsohon direba ya ce ashirin da huɗu ne, takwas na aiki mai nauyi, sauran na aike. Ya ƙara da cewa zai fi na yanzu gudu da kashi talatin cikin ɗari. Na tambaye shi ko gudun zai kai ya sallame mu kafin Juma'a, ya ce sai dai wata Juma'ar.

Da na koma unguwa na tsaya wurin maƙwabcina mai gyaran waya, wanda muke kira Injiniya. Ya nuna mini wani hoto dishi-dishi a wayarsa, ya ce shi ke nan, wani ne ya ɗauko a ɓoye.

"Nawa zai kai?"

"Wasu sun ce kuɗin babur. Wasu sun ce babur da rabi. Kuma ba zai zauna a tsohon allon cikin kwamfuta ba, sai an sayi sabo, da sabuwar fanka, don an ce zafi gare shi."

"Kai ka gan shi?"

"Maƙwabci, wanda aka ce ya gani ma, ji ya yi."

Laraba ma a banza ta wuce. Da na shiga gida Auta ta kawo mini ruwa, ta dubi hannuna, ta ga babu komai. Ta ce, "Baba, in bai yiwu ba kada ka damu, baɗi ma shekara ce." Daga baya mahaifiyarta ta gaya mini yarinyar ta tattara littattafanta ta zuba a kwali. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, a ce uba ya kasa karɓo shaidar cewa an haifi 'yarsa.

Ranar Alhamis layi ya zo kaina. Akawu ya rubuta rabin sunan Auta, kwamfuta ta yi nishinta, ta mutu. Na sunkuyar da kai don takaici, sai idona ya sauka ƙarƙashin tebur. Akwatin kwamfutar yana sanye da riga. Karan-miski ne mai kauri, an yi masa shafi da soso, an sa zif a baya, an bar 'yar ƙofa daidai wurin kunnawa. Ɗinki ne mai kyau, ba zan ci amanar sana'a ba. Na kai hannu na taɓa, na ji kamar dutsen guga.

Ni ban san furosesa ba, amma na san yadi. Ko mutum ka sa wa wannan riga, minti goma zai yi ya faɗi.

"Malam akawu, a cire mata rigar nan mana."

Ya zaro ido. "Baba, rufa mini asiri. Umarni ne a rubuce, duk kayan hukuma a rufe su don kada su tsufa. Cire ta laifi ne, ina da iyali."

Sai na ji tef a wuyana.

"To ba cirewa zan yi ba. Awo zan ɗauka, ko wata rana za a buƙaci sabuwa. Ka san ba a awo a kan riga."

Ya dubi rufin ɗaki na ɗan lokaci, ya ce, "Awo dai ba ya cikin abin da aka hana."

Na zuge zif, na zame rigar. Wata iska mai zafi ta bugi fuskata, fankar ciki ta samu numfashi. Aka kunna. Shekara talatin ina ɗinki, ban taɓa ɗaukar awo a hankali irin na ranar ba. Na auna tsawo, na auna faɗi, na ce ban yarda da tef ɗin ba, na sake. Awa biyu ina durƙushe, gwiwata tana kuka, injin bugawa yana tofo takardu. Takardar Auta ta fito, mai goyo ta samu, direba ya samu, har bencin ya zama babu kowa. Kwamfutar ba ta yi ko tari ba. Da muka gama na mayar mata da rigarta, na ja zif, kamar yadda doka ta tanada.

Auta ta yi rajista ranar Juma'a da safe. Da ta dawo, kwalin kawai ta jawo, ta shiga fito da littattafai ɗaya bayan ɗaya. Na fita waje, don ba na son ta ga fuskata.

Jiya akawu ya biyo ta shagona da wando a rage masa tsawo. Ya ce an ji furosesan zai fito wata mai zuwa, amma kwamiti ya samu labarin wanda zai biyo bayansa ya fi shi, don haka an ƙara wa'adin jira. Sai dai ba a zauna haka nan ba, an riga an ba da kwangilar ɗinka wa sababbin kwamfutocin riguna, masu soso ninki biyu, tunda sun fi tsada. Na ce ko za a ba ni ɗinkin, in bar musu taga a baya. Ya ce ya kai sunana, an duba, an ga ba ni da ƙwarewa a harkar kwamfuta.