Abin Sha na Ruhi

Ba zan taɓa mantawa da zuwan Baba Sajan Madina ba, kuma ko na so in manta abokaina ba za su bari ba.

Lokacin ina ɗalibin fiƙihu a jami'ar Madina, ina kuma neman auren 'yarsa Rukayya can gida Kaduna. Magabatana sun je, ya karɓe su da mutunci, amma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce zai zo Umara, in ya ga yaron da idonsa zai ba da amsa. Rukayya ta kira ni ta ja mini kunne. Ta ce Baba ba ya son surutu, ba ya son iyayi, kuma tun da ya ajiye kaki da ciwon ƙafa yake ganin duniya ta manta da irinsu tsofaffin soja. (Biyun farko sun shiga ta kunnen dama sun fita ta hagu. Na ukun ne ya zauna mini a kai, shi ne kuma ya kai ni ya baro.)

Na ce ni ba zan ba shi dabino da carbi da darduma ba kamar kowa. Sai na nemo abin da zai nuna masa na san darajar soja.

Ana saura kwanaki ya iso na je Yanbu wajen abokina Adam, Bahaushen Chadi, direba ne da ke kwashe kayan Turawan matatar mai idan sun gama aiki za su koma ƙasarsu. Ina tona wani kwali na tarkacen da suka bar masa sai na ci karo da wata 'yar gora ta ƙarfe, lafaffiya, ta ɗan lanƙwasa, sabuwa fil a cikin akwatinta. A jikinta an zana soja ya ƙame yana sara wa tuta. Adam ko kallo bai yi ba, ya ce, "Khud ya ustaz, ɗauka balash, kyauta ne."

To, ni Turancina na gaisuwa ne da karanta sunan magani. Sai na ɗora wayata a kan rubutun akwatin ta juya mini shi zuwa Larabci. Ta ce wannan kamfani yana girmama tsofaffin sojoji, kuma wani kaso na ribarsa yana zuwa ga ƙungiyoyin da ke kula da waɗanda suka ji rauni da iyalan waɗanda ba su dawo ba. Nan take na ce na samu abin da nake nema. A ƙasa kuma ta ce sana'arsu ita ce "mashrubat ruhiyya". Ni da na haddace sunayen giya a littattafan malaman da, da hukuncin kowace, ban taɓa gamuwa da wannan Larabcin jarida ba. Na ce ruhi ai ruhi ne. Abin sha na ruhi, watau dai irin su zuma da habbatus sauda. Har na yi wa Turawan addu'ar shiriya, na ce masu irin wannan zuciya kaɗan ya rage musu.

Na cika ta da zamzam, na kai masa masauki ranar da ya sauka. Dogon dattijo ne, yana dogara sanda, ba ya murmushi a banza. Ya juya gorar a hannunsa, ya daɗe yana kallon sojan nan, ya ɗago ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce madalla, ya sa a aljihu. Duk ziyarar da na kai shi, Uhudu, Ƙiblatain, tana tare da shi, kuma kullum sai ya naɗe ta da hankici kafin ya kai baki. Na kira Rukayya na ce mata Baba yana ji da kyautata, ko ƙura ba ya bari ta taɓa ta.

Ana jibi zai tafi, Dakta Aminu, malaminmu ɗan gida da ke koyarwa a jami'a, ya shirya masa walima a gidansa na Ƙuba bayan la'asar. An cika falon da ɗalibai, ga maƙwabcinsa Amm Usman, tela Bahaushen Sudan wanda ya tsufa a Madina. Ana cikin cin shinkafa da kaza yaji ya sarƙe Baba Sajan, ya lalubo gorar, garin tari hankicin ya zame. Amm Usman ya ce masha Allah, wannan kyakkyawar aba daga ina?

Ba ni aka tambaya ba. Amma ina! Na riga na gyara zama.

Na ce ni na kawo masa. Na bayyana tarihin kamfanin kamar ni na kafa shi. Na ce ga mutanen da ba Musulmi ba sun tuna da tsofaffin sojojinsu, mu muna nan muna kallon namu suna bin layin fansho da sanda. Na jawo aya, na jawo hadisi. Na ce ya kamata mu ɗalibai mu nemi kayan kamfanin nan mu riƙa saya, mu kai wa iyayenmu tsaraba, mu sha mu samu lafiya, mu kuma samu ladan taimako. Na rufe da cewa ai ko sana'arsu ma mai albarka ce, mashrubat ruhiyya suke yi.

Kofin gahawar Dakta ya tsaya a hanya. Amm Usman ya ajiye cinyar kaza ya ce, "Ya waladi, mashrubat me ka ce?"

Na maimaita, har da gyara lafazi.

Dakta ya miƙa hannu ya karɓi gorar, ya sa tabarau, ya karanta. Ya yi ƙasa da murya, amma falon ya yi tsit ta yadda kowa ya ji. Ya ce, "Malam, wannan kamfanin wiski ne, mashrubat ruhiyya kuwa barasa ake nufi."

Jama'a, na ji zufa ta keto mini har tafin ƙafa, ga na'urar sanyi tana aiki. Ni ɗalibin fiƙihu, a garin Manzon Allah, na tsaya gaban malamina da surukin da nake nema ina tallar barasa da aya da hadisi. Abokaina suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Wani ya tashi wai zai wanke hannu, muna jin dariyarsa daga banɗaki. Ni kuwa ba dariyar ce ta dame ni ba. A raina na gama sallama da Rukayya, har na fara tsara yadda zan gaya wa mahaifiyata.

Baba Sajan ya karɓi gorarsa ya mayar da hankicin a hankali. Ya ce shi tun ranar farko ya gane ta. Lokacin da aka tura su aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa, hafsoshin Turawa irinta suke sawa a aljihun baya, lanƙwasar ma don ta kwanta a ƙugu aka yi ta. Ya ce hankicin don askarawan Harami yake sa shi, kada a kama tsoho a kan zamzam. Aka kwashe da dariya, ban da ni.

Sai ya juyo gare ni. "Tun da na ajiye kaki, babu wanda ya taɓa ba ni ko tsinke don ya ce mini an gode da aikin da na yi. Kai ne na farko. Ka yi kuskuren gora, amma ba ka yi kuskuren niyya ba." Ya dubi Dakta ya ƙara da cewa, "Kuma ni na zauna a bariki, na ga abin da kwalba ke yi wa gidan aure. Yaron da aka damƙa wa gorar wiski ya cika ta da zamzam, shi zan ba 'yata."

Ban san sanda hawaye suka zubo mini ba, kuma har yau ban iya raba na kunya da na godiya ba. Amm Usman ya ce a yi fatiha tun kafin ustaz ya sake buɗe baki.

Yanzu Rukayya tana ɗakina da 'ya'yanmu, kuma duk ranar da na fara wa'azin da ba a tambaye ni ba, sai ta ce a kawo wa Abban yara abin sha na ruhi. Abokai kuma Ustaz Ruhiyya suke kirana, har a gaban ɗalibaina. Gorar tana nan wajen Baba. Ya kankare sunan kamfanin da ƙusa ya bar sojan, da ita yake buɗe baki duk azumi.

Na gode wa Allah da ya haɗa ni da dattijon da ya yi kwanaki yana rufa mini asiri da hankici, har sai da na tona kaina da bakina. Abin da na koya shi ne, in waya ta fassara mini abu, sai na tambayi mutum. In kuma ba ni aka tambaya ba, sai in ci shinkafata.